Shekara uku ina shan maganin atini, ashe ba shi ba ne

Ciwon cikin ya fara mini ne bayan wani zawo mai tsanani da na yi da damina a nan Garwa. Zawon ya wuce cikin mako guda, amma cikina bai koma daidai ba: yau murɗawa da gudawa, jibi bayan gida ya ƙi fita, ga kumburi da iska da ke sa ni sake alwala sau biyu kafin in idar da salla guda. Wannan na alwalar shi ya fi ci mini rai, har na koma tsayawa a sahun ƙarshe kusa da ƙofa.

Mahaifiyata ta ce basir ne, abokan kasuwa suka ce atini ne, ni kuwa na yi ta sayen Flagyl ina sha ba tare da an auna ni ba, abin da nake nadamarsa har yau.

Da na je asibiti, likitan ya sa aka auna jinina da bayan gidana, sannan ya tambaye ni ko ina ganin jini, ko na rame, ko ina zazzaɓi, ko ciwon yana tashe ni da dare. Da na ce babu ko ɗaya, sai ya ce, "Malam, hanjinka ba shi da gyambo, saurin harzuƙa yake yi, kuma shi da ƙwaƙwalwa suna magana da juna, shi ya sa damuwa take tayar da shi." Da Faransanci suna kiran wannan ciwon hanji kolopati. Ya ce bisa ƙa'idar da masana suka sabunta a 2016, ana zarginsa idan ciwon ciki yana zuwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3, tare da sauyin bayan gida, kuma yakan biyo bayan zawo irin nawa. Ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji, amma kuma ba a yi masa allura guda ya tafi.

Abin da ya taimake ni shi ne tsarin abinci da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta fito da shi: a janye abincin da ke ruɓa a hanji yana tara iska na mako 2 zuwa 6, sannan a dawo da shi ɗaya bayan ɗaya. Na bar albasa, tafarnuwa, wake, burodi, madara da mangwaro, na tsaya kan shinkafa, tuwon dawa, kifin Binuwai da ƙwai, ina rubuta komai a ƙaramin littafi. Maidowar ita ce ta fi wuya, domin tana son haƙuri, kuma mutane da yawa a nan suke karaya su zauna cikin yunwa a banza. Littafin ya nuna mini cewa ɗanyar albasar da ake barbaɗa wa tsire da ƙosan buɗe baki su ne manyan abokan gabata, kindirmo kaɗan kuwa ba ya yi mini komai.

Har yanzu yakan motsa idan kasuwa ta yi nauyi ko zan hau mota zuwa Ngaundere, sai in ci abinci kaɗan tun da wuri, in sha maganin murɗar ciki da likita ya rubuta. Da kawuna, wanda ya haura shekara 50, ya ce yana ganin jini kuma ya nemi littafina, ban ba shi ba, asibiti na raka shi.