Na je Grimsby na ga masu gyaran fankokin teku

Jama'a na dawo daga Grimsby kuma har yanzu warin kifi bai bar jakata ba. Daga Landan na shiga jirgin ƙasa, na sauya a Doncaster, kuɗin tikitin kam kar ma a yi maganarsa, da na lissafa shi a naira sai da na ji yunwa ta tafi.

Wanda ya gayyace ni abokin yayana ne, Bahaushen Kumasi, makanikin fankokin iska ne masu samar da wutar lantarki da ke cikin teku. Yana ganina ya ce, "Ƙanena, ci abinci tukuna, fankokin ba gudu za su yi ba." Matarsa ta yi mana tuwo da miyar kuka, a ƙasar Ingila fa! Na tambayi inda suka samo kukar, dariya kawai ta yi.

Garin nan a shekarun 1950 babu tashar kamun kifi da ta kai shi girma a duniya, rikicin kifi da ƙasar Iceland ya zo ya karya sana'ar, yanzu a bakin ruwan nan kamfanin Ørsted ya kafa sansanin da yake kula da rukunan fankokin teku da ake kira Hornsea. Hornsea ta ɗaya kaɗai fanka 174 ce, kusan kilomita 120 cikin teku, tana ba da sama da megawat 1,200, wato ta fi dam ɗin Kainji. Ni da nake zaton zan tsaya a gaɓa in ɗauki hoto, ashe ko da tabarau ba a hango su.

Na so in shiga jirgin ruwan da ke kai ma'aikata wurin fankokin, ina! Wani mai gadi a ƙofa ko sannu babu, ya ce ina katina, na fara bayani ya juya min baya ya ci gaba da shan shayinsa. Raina ya ɓaci wallahi, a gida ko za a kore ka ai za a tambaye ka gajiya. Abokin yayan nawa ya ce in yi haƙuri, ba mai taka jirgin sai da satifiket na horon tsira a ruwa da na aiki a sama da takardar likita, ko ɗan wane ne.

Sai muka zauna a motarsa muna kallon tashar yana ba ni labari. Sati biyu suke yi a teku sati biyu a gida, a jirgin suke kwana suke ci, jirgin yana da wata gada mai daidaita kanta da motsin ruwa, ita ake miƙawa jikin fankar mutum ya taka ya wuce. Fankokin kusa da gaɓa kuwa ƙaramin jirgi ne ke dafe hancinsa a jikin ƙarfen ka kama tsani, in igiyar ruwa ta yi yawa a fasa aiki ranar, kuma ya ce ya ga ƙarti na amai kamar yaran da aka fara sa wa a mota. Aikin kansa ba wani sihiri, zuba giris, duba mai, ɗaure notuna, canza filta, sai yaƙi da gishiri da ke cin ƙarfe dare da rana. Fiffike ɗaya mita 75 ne, ruwan sama yana cinye bakinsa a hankali, sai mutum ya sauko da igiya yana lilo yana liƙewa. Yawanci da bazararsu ake yi, tun abu bai lalace ba, don na'ura na turo wa ofis rahoto in ɗan karkarwa ta ƙaru. Nan na tuna fankokinmu na Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal a kan tudu, ba teku ba igiyar ruwa, amma dubi shekarun da aka kwashe ana jiran su.

Kifi da dankalinsu ya yi daɗi, ba yaji dai, kuma fam 12 ya yi yawa. Washegari na leƙa Cleethorpes, garin bakin teku da ke maƙwabtaka da Grimsby, iska ta koro ni, na tsallaka Hull na hango masana'antar fiffiken Siemens Gamesa daga waje, daga nan sai jirgin Landan, shi ma ya yi latti.