Na Koma Aji Ina Da Shekara 41

Shekara 14 na yi ina yanka wa mutane tikitin jirgin sama. A 2020 da korona ta sauko, jirage suka daina tashi. Da farko aka ce mu zauna a gida kan rabin albashi, bayan wata huɗu aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya ana miƙa mana takardar sallama. Ina da mata da 'ya'ya uku. Daga baya na ji Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa awannin aikin da aka yi asara a shekarar sun kai cikakken aikin mutum miliyan 255. Na san ba ni kaɗai ba ne, amma hakan bai sa na samu barci ba.

Wata shida ina yawo da takarduna ina neman irin aikin da na saba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne, tun kafin annobar sana'ar take ja da baya, domin mutane sun koyi sayen tikiti da wayarsu. Matata ce ta fito fili ta faɗa min. Ta ce, "Maigida, aikin nan da kake jira, ko ya dawo ba zai dawo yadda ka san shi ba. Ka koma makaranta, ni zan riƙe abin da zan iya riƙewa." Kwana uku ban ce mata uffan ba, saboda maganar ta yi min nauyi, kuma na san gaskiya ce.

Na zaɓi aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. A nan na kusa yin kuskuren da zai cinye ɗan abin da aka sallame ni da shi. Na ga tallar wani kwas na 'yan watanni, har na karɓi fom. Allah ya sa na fara zuwa wajen wani mai wannan aikin. Tambaya ɗaya ya yi min: hukumar da ke ba da lasisin aikin ta amince da makarantar? Da na bincika, ba ta cikin jerinsu. A aikin lafiya, takardar shaida in babu lasisi ado ce kawai. Shi ne kuma ya faɗa min abin da talla ba ta faɗa: tsayuwar awanni, aikin dare, gwajin fitsari da bayan gida da majina. Duk mai shirin sauya sana'a, ya zauna da mai yin ta kafin ya biya ko sisi.

Na sayar da motata, na nemi ɗan aikin yamma, na shiga makarantar da aka amince da ita.

Na ɗauka kuɗi ne zai fi ba ni wahala. Ashe zama cikin yara 'yan shekara 19 ne, a matsayin wanda bai sani ba. A da ni ake tambaya, ni ke koya wa sabbin ma'aikata. Yanzu malamin da ke gaban allo ƙanena ne a shekaru, 'yan ajin kuwa Baba suke ce min. Gwajin farko na kimistiri na faɗi warwas. Na naɗe takardar na cusa a aljihu, na zauna har aji ya watse. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari da yawa ba ta dawo ɗaukar jakarta, ta tsaya ta ce, "Baba, kawo littafin in nuna maka, ba wuya." Na ji kunya ta rufe ni, amma na miƙa. Da na ƙi miƙawa a ranar, ina jin da ban ƙarasa karatun ba.

Kan babba yana ɗaukar karatu, sai dai lokaci ne ba shi da shi. Karatun dare guda kafin jarrabawa bai yi min aiki ba ko kaɗan. Wani malaminmu ya ba mu labarin Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus, wanda tun 1885 ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi zama a kai. Sai na yanka ƙananan katuna: tambaya a gaba, amsa a baya. Kwana nawa jajayen ƙwayoyin jini ke rayuwa? Kusan 120. Da asuba in duba, a layi in duba, da dare ɗana ya riƙe katunan yana yi min tambaya.

Abin da ban zata ba, tsohon aikina ya biyo ni. A tikiti, harafi ɗaya ya kuskure a suna sai a hana mutum shiga jirgi, don haka hannuna ya saba duba suna sau biyu. Da muka fara aiki a asibiti, na tsayar da wata kwalbar jini saboda sunan da ke jikinta ya ɗan bambanta da na takardar likita. Majinyata biyu ne masu suna kusan iri ɗaya. Shugabar ɗakin ba ta ce komai ba, sai dai daga ranar ta ɗora ni a teburin karɓar samfuri.

Albashina na yanzu bai kai na da ba, kuma ƙafafuna suna ciwo in na kwana a tsaye. Amma ina tuna ranar da na fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da idona. Na shafa jinin a gilashi, na rina shi da rinin Giemsa, na ɗiga mai, na sa a madubin likita mai girmama abu sau 1000. Na daɗe ina juyawa ban ga komai ba. Can sai ga ta cikin jar ƙwayar jini, ɗan zobe shuɗi mai jan ɗigo a gefe. Na kira malamin ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Ita ce, Baba. Rubuta."