Kilomita 600 da tukunyar shinkafa

Laraba. Sai yanzu da yara suka kwanta na samu zama.

Da safe komai lafiya lau. Auta ta shanye kokonta ba rigima, metro bai cika ba, a ofis har kek aka raba saboda wata ta yi ritaya. Rana ta fito a Liyon tas, har daga tagar bene na hango farin tsaunuka can gabas. Na dawo gida da 'yar waƙata a baki.

Bayan magariba Yaya ya kira, Baban Auta ya sa wayar a sifika ya ajiye a kan tebur. Maganar hutun Fabrairu ce, wadda tun bara ake jan ta: inda za mu je wasan ski, wato zamiya a kan ƙanƙara, a tsaunukan Faransa, Val Thorens ko Les Arcs. Shi Yaya ya riga ya yanke hukunci tun daga Paris.

"Val Thorens babu na biyunsa," in ji shi. "Mita 2,300, duk Turai babu garin ski da ya kai shi bisa. Tikiti ɗaya ya buɗe maka kwari uku, Méribel, Courchevel, Les Menuires, kilomita 600 na hanyar zamiya. Les Arcs ɗin naku ko an haɗa masa da La Plagne, 425 ne." Yadda ya ja wannan 425 ɗin, ka ce makin yaron da ya faɗi jarrabawa yake karantawa.

Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, a cikinmu nan wa ya taɓa cin kilomita ashirin a yini?" Baban Auta ya harare ni yana danne dariya. Ai gaskiya ce. Mazan nan a shuɗiyar hanya mai sauƙi suke wuni, ja sai an yi ta addu'a, baƙa mafi wuya kuwa iyakarsu su tsaya gindin allonta a ɗauke su hoto. Ko ɗari shida ko ɗari huɗu, duk a taswira za mu gan su.

Daga nan na jero masa nawa dalilan, don na kwana biyu ina tunaninsu. Les Arcs jirgin ƙasa ne tun daga tashar Part-Dieu ta nan Liyon har garin Bourg-Saint-Maurice, kana sauka ka shiga ɗan jirgin nan mai hawa dutse, minti bakwai kana Arc 1600. Ba mota, ba ɗaura sarƙa a taya cikin sanyi, tunda a can yankin Savoie daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ce sai da tayar sanyi ko sarƙa a mota. Val Thorens kuwa, in ka tsallake cunkoson ranar Asabar tsakanin Albertville da Moûtiers, saura maka wajen kilomita 37 na kwana-kwana, kuma cikin 'yarmu Babba ba ya son irin wannan hanya. Sannan can sama babu itace ko ɗaya. Ranar da hazo ya sauko, sama da ƙasa duk fari ne, ba ka sanin gangare daga tudu. A ɓangaren Peisey-Vallandry na Les Arcs kuwa hanyoyi cikin daji suke bi, ko ana zuba ƙanƙara kana ganin gabanka. Ga kwana a mita 2,300, ciwon kai da haɓo, ga azumi da zai shigo mana a ƙarshen hutun, ga iskar can mai busar da maƙogwaro.

Shi ma yana da tasa gaskiyar, ban hana shi ba. Val Thorens ba ya rasa ƙanƙara, tun ƙarshen Nuwamba ake buɗe shi har farkon Mayu, alhali ƙananan wurare yanzu sai ka je a tsakiyar sanyi ka tarar ana ruwan sama. Kuma daga ƙofar masauki kake ɗaura ski ka zame. Na ce to ai Les Arcs ma yana da Aiguille Rouge, mita 3,226, in tsawo ake nema. Auta ta leƙo daga bayan kujera ta ce ita dai Vanoise Express take so, motar igiyar nan mai hawa biyu da ke ɗaukar mutum 200 ta tsallaka kwari zuwa La Plagne. Aka yi dariya. Har nan hira ce mai daɗi.

Sai Yaya ya ce, "To ke amarya, ina ruwanki da hazo? Ai ke da Antinki a ɗaki za ku wuni. Ku dai ku duba mana inda kicin ya fi girma."

Ya yi dariya. Baban Auta ma ya ɗan taya shi. Na ce ruwan shayi ya tafasa, na tashi.

Na san wasa yake, shekara nawa muna irin wannan tsokana. Amma abin ya tsaya min a wuya, don haka ɗin ake yi. A can kusan komai da naman alade: tartiflette da shi, diots shi ne gaba ɗaya, fondue kuma da giya ake narka cukun. Saboda haka sai mu yi lodi daga unguwar Guillotière ta nan Liyon, nama, shinkafa, yaji, kuka, har da daddawa. Wani ne zai dafa. Wani ne zai shanya safa da safar hannu a kan hita, ya tura ƙafar Auta cikin takalmin nan mai taurin tsiya tana kuka, ya kai su makarantar ski da safe ya koma ɗauko su da rana. Maza su shigo da la'asar fuska ja, suna ba da labarin gangare, su tarar da abinci da zafinsa. Wannan ba ya cikin lissafin kilomita.

Kuma duk da haka bara na saci safiya na shiga ajin manya. Malamar mai jar riga ta yi ta fama da ni, ƙafafuna suna rawa, gwiwa ciki, kan ski a haɗe, har ranar ƙarshe na sauko shuɗiyar hanya tun daga sama ban faɗi ba. Yaya bai sani ba, yana can wani dutsen. Baban Auta ya sani. Shi ne ma ya riƙe min sanduna ina cire takalmi. Kalma ɗaya ta ishe shi a wayar nan, bai faɗa ba. Wannan ne ya fi ci min rai, fiye da maganar Yaya.

Ya biyo ni kicin daga baya. "Kin san halin Yaya." Na ce na sani. Ya ɗauki tsumma ya hau goge kwanon da ya riga ya bushe.

Wanki bai bushe ba. Babba ta sake ɓatar da hular sanyi. Takardar haraji tana nan ban buɗe ba.

Wajen ƙarfe goma saƙon murya ya shigo daga Anti, tana magana ƙasa-ƙasa, da alama daga banɗaki: "Ƙanwata, wai da gaske kin iya? Don Allah tambayar min kuɗin darasin manya. Kar ki faɗa masa tukuna."

Ranar Juma'a ake biyan kafin alƙalami, har yanzu ba a tsayar da wuri ba. Na sa darasin mutum biyu a cikin lissafin, ko can ko nan, na kuma tura jadawalin girki a zauren WhatsApp na gida. Litinin da Alhamis sunan Yaya na rubuta, shinkafa da miya. Ya karanta tun ɗazu, bai ce komai ba.