Yadda na raya tatsuniyar Gurguwar Agwagwa da zane mai motsi

A ƙasar Yukren da wuya ka sami yaron da bai san tatsuniyar Gurguwar Agwagwa ba. Wani tsoho da tsohuwarsa, Allah bai ba su haihuwa ba, suka shiga daji neman naman kaza, sai suka tsinci agwagwa da karyayyar ƙafa. Suka kawo ta gida, suka yi mata sheƙa da gashin tsuntsaye. Tun daga ranar, duk sanda suka fita suka dawo sai su tarar an share ɗaki, an gasa burodi, miyar borsh na kan wuta. Maƙwabta suka ce sun ga wata kyakkyawar budurwa tana ɗebo ruwa a rijiya, amma tana ɗingishi. Tsofaffin suka laɓe, suka gane agwagwar ce take rikiɗa, sai suka jefa sheƙarta a wuta don ta zauna da su har abada. Abin da ya raba su ke nan.

Na ji labarin ne a Kharkif, lokacin da nake karatu can kafin yaƙin 2022 ya koro mu gida, daga bakin dattijuwar da muke haya a gidanta. Da na fara koyon zane mai motsi, ban yi dogon tunani kan labarin da zan fara da shi ba.

Tun farko na yanke shawarar barin labarin a ƙasarsu, murya kawai ta zama ta Hausa. Wannan ya ɗora mini aikin tuna kowane lungu na ɗakin ƙauyen Yukren: bango mai farar ƙasa, jinkar ciyawa, ƙatuwar tanda da ake girki a cikinta a kuma kwanta a kanta lokacin sanyi, da mayafan nan masu surfanin ja da baƙi da ake ratayawa a bango. Hotunan da na ɗauka a gidan tarihin Pirohif da ke gefen Kiyef, inda aka tattara tsofaffin gidajen ƙauye daga sassan ƙasar, sun yi mini rana. Furannin bango kuwa na bi salon zanen ƙauyen Petrikifka, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Furanni ne masu cika ido, don haka na taƙaita su a kan tanda kawai, kada su danne mutanen.

Da manhajar Krita na yi aikin, kyauta ce. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. In ka bar kowane zane ya tsaya sau biyu, zane 12 ke nan, wato 720 a minti ɗaya. Wanda ya san wannan lissafin ba zai yi almubazzaranci da motsi ba.

Inda na zuba ƙarfina shi ne ɗingishin. Ban so mai ba da labari ya ce wa yara "wannan yarinyar ita ce agwagwar nan" ba, so nake ƙafarta ta faɗa musu. Na ɗaure ƙafata ɗaya da zani na yi ta zagaya tsakar gida, ƙanwata tana ɗaukata da waya, sannan na bi bidiyon hoto bayan hoto. Ashe ɗingishi a lokaci yake zaune. Lafiyayyar ƙafa takan daɗe a ƙasa, mai ciwon kuwa taɓawa kawai take yi ta ɗaga, kafaɗa ta karkata, ruwan bokiti ya fantsala ta gefe ɗaya. Wannan kiɗan tafiyar na ba agwagwa, shi kuma na ba budurwa, ban sauya ko zane ɗaya a lissafin ba. Da na nuna wa 'ya'yan yayata gwajin farko, ƙaramar ta miƙe tana nuna allo tun kafin budurwar ta kai bakin rijiya: "Kawu, ita ce! Wallahi ita ce!"

Rikiɗar kanta ban nuna ta ƙiri-ƙiri ba. Inuwa ce a farin bango, wuya ya miƙe, fukafukai su sauka su zama hannuwa, sai ƙofa ta buɗe. Ya fi sauƙin zane, kuma sihirin da aka hango rabinsa ya fi kama zuciya.

Ƙarshen labarin ne ya jawo gardama. Yarinyar ta dawo ta ga babu sheƙa, ta yi kuka, ta roƙi tsohon ya sassaƙa mata mazari, ta zauna a tsakar gida tana kaɗi. Garken agwagi suka zo wucewa suna kiranta da waƙa, ta ƙi, ta tuna musu cewa ranar da ta karye tafiya suka yi suka bar ta. Kowane garke ya jefo mata gashi. A garke na uku gashin ya isa, ta lulluɓa ta tashi. Abokin da ya taya ni haɗa sauti ya nace sai na sa ta dawo, wai yaranmu ba za su jure ba. Na ƙi. Tsofaffin nan ba mugunta ce ta sa su ƙona sheƙar ba, so ne, irin son da yake tsoron rabuwa har ya kasa tambayar wanda yake so. In ta dawo, ƙona sheƙar ya zama dabara mai kyau, kuma labarin ba haka ya ce ba. Abin da na ƙara kawai shi ne hannun tsohuwar yana rawa kafin ta saki sheƙar cikin wuta, don kada mai kallo ya tsane ta.

Waƙar agwagin ni na tsara ta da Hausa, yaran unguwa suka rera, wani mai busa ya bi su da sarewa, don ita ta fi kusa da sopilkar makiyayan Yukren. Da asuba muka riƙa ɗauka, kafin janareto da babura su tashi, a ɗakin da muka jingina katifu a bangonsa. Muryar garke na uku na sa ta fi ta farko nisa da sanyi, domin a lokacin ba rarrashinta suke yi ba, sun riga sun san za ta biyo su.