Motocin da ke shiga teku a Camp Pendleton

Alhamis, Oceanside, jihar Kalifoniya

Bayan sallar asuba na kama babbar hanya mai lamba 5 daga San Diego na nufi arewa, domin in ga ɗan ƙanwata, wanda yake makarantar koyon sarrafa motocin sulke masu tafiya a ruwa da tudu da ke Del Mar, a ƙarshen kudu na Camp Pendleton, sansanin rundunar Marine ta Amurka. Ya gaya mini ba zai samu fitowa ba sai da yamma, saboda haka na wuce tashar ƙananan jiragen ruwa ta Oceanside, wadda take maƙwabtaka da sansanin, inda a wasu ranaku ake hango atisayen sojojin daga nesa.

Na taki sa'a kuwa, domin da hantsi wasu motoci suka fito a jere suka nufi tsakiyar teku. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda ruwa yake haɗiye su, har ba a ganin komai sai doronsu da kawunan mutanen da ke leƙowa ta sama. Waɗannan su ne sababbin motocin da ake kira ACV, masu tayoyi takwas, waɗanda nauyin kowace ya haura tan 30, kuma kowace tana ɗaukar sojoji 13 ban da ma'aikatanta uku. A kan kwalta suna gudu kamar kowace babbar mota, amma a cikin ruwa farfela biyu ne a baya suke tura su sannu a hankali, raƙuman ruwa suna ɗaga su suna saukewa. Da suka juyo suka doshi gaɓa, sai na ji gabana yana faɗuwa, domin na san cewa wurin da igiyar ruwa take karyewa, 'yan mitoci kaɗan kafin yashi, shi ne wuri mafi hatsari a duk tafiyar.

Da rana ta take na koma inuwa ina ta juya tarihin wannan sana'a a zuciyata. Sojan da ake ɗauka a jirgi domin ya yi yaƙi a ƙasa tsohon abu ne. Sifaniya ta kafa tata rundunar a 1537, Ingila a 1664, Holan a 1665, Rasha a 1705, sannan rundunar Marine ta Amurka, wadda kafofin labarai ke kira sojojin kundumbala, ta samo asali ne a ranar 10 ga Nuwamba, 1775. Sai dai a tsawon waɗannan ƙarnuka a kwalekwale ake kai su gaɓa, kuma asarar rayukan da aka yi a Gallipoli, a gaɓar Turkiyya, a 1915 ta sa manyan hafsoshi da yawa suka ɗauka cewa sauka a gaɓar da abokan gaba suka tsare da manyan bindigogi abu ne da ba zai ƙara yiwuwa ba.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne cewa kakar waɗannan motoci ba don yaƙi aka ƙera ta ba. Wani attajiri mai son ƙere-ƙere, Donald Roebling, shi ya haɗa mota mai sarƙa a Florida a shekarun 1930, domin ceto mutanen da guguwa da ambaliya suka rutsa da su a fadamun da mota ba ta shiga, jirgi kuma ba ya wucewa. Hotunanta suka fito a mujallar Life a 1937, sojoji suka gani, kuma zuwa 1941 an fara ƙera irinta domin rundunar. Amfaninta ya bayyana ne a yaƙi da sojojin Japan a Tarawa, wasu tsibirai a tekun Pasifik, ranar 20 ga Nuwamba, 1943, lokacin da teku bai cika yadda aka yi tsammani ba, jiragen sauke sojoji suka maƙale a kan tudun murjani da ke kewaye da tsibirin Betio. Motoci masu sarƙa kimanin 125 ne kaɗai suka iya hayewa, sauran sojojin kuwa sai da suka yi tafiyar ɗaruruwan mitoci a ƙafa, ruwa iya ƙirji, ana yi musu ruwan harsashi. Cikin sa'o'i 76 rundunar ta rasa mutum kimanin 1,000.

Bayan la'asar yaron ya fito, muka zauna cin abinci kusa da tashar. Ya rame, rana ta ƙona shi, amma maganarsa ta nutsu fiye da yadda na san shi. Na tambaye shi ko tuƙin ne ya fi wuya, sai ya ce, "A'a, Kawu, tuƙi shi ne mai sauƙi. Abin da ke cin lokacinmu shi ne dubawa." Ya yi mini bayanin cewa kafin mota ta taɓa ruwa sai an bi kowace kafa da ruwa zai iya shiga, an gwada famfunan da ke zuƙe ruwa daga cikinta, an tabbatar murafen sama suna buɗewa suna rufewa. Akwai kuma waɗanda ake turawa bakin teku su auna tsayin igiyar ruwa da tazarar da ke tsakanin wata da wata, kuma idan lissafin ya wuce ƙa'ida, babu motar da za ta shiga. Ya ba ni labarin horon tserewa daga motar da ta nutse, inda ake ɗaure su a kujera cikin wani akwati, a dulmiya shi cikin tafkin ninƙaya, a kuma buƙaci kowa ya kwance kansa, ya lalubo ƙofa, ya fita ba tare da firgita ba.

Na san dalilin wannan tsanani, shi ma ya sani, kuma shi ne abin da ke hana mahaifiyarsa barci. Ranar 30 ga Yuli, 2020, wata tsohuwar mota samfurin AAV-7, irin da rundunar ta fara amfani da shi a 1972, ta nutse kusa da tsibirin San Clemente tana kan hanyar komawa jirgin yaƙi na Somerset. Mutum tara suka rasu, ƙaraminsu ɗan shekara 18. Binciken da aka yi ya nuna cewa ba igiyar ruwa kaɗai ce ta kashe su ba: akwatin giyar motar ya lalace, famfunan suka kasa fitar da ruwan da ke shiga, fitilun gaggawa ba su kama ba, babu jirgin ceto a kusa, da yawa daga cikin waɗanda ke ciki ba su kammala horon tserewa ba, sannan an yi jinkirin ba da umarnin a fita alhali ruwa ya daɗe yana hauhawa. A watan Disamba na 2021 aka hana wannan samfuri shiga teku sai da larura mai ƙarfi.

A ganina sauya mota bai isa ya kawar da irin wannan haɗari ba, kuma abin da ya faru a 2022 ya tabbatar da haka, domin a watan Yuli da kuma Oktoba na shekarar sababbin motocin sun kife a cikin igiyar ruwa a gaɓar wannan sansani, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Daga baya rundunar ta amince cewa an koyar da direbobi kamar dai mota mai sarƙa za su tuƙa, alhali mai taya tana da halinta dabam idan ruwa ya buge ta ta gefe, aka kuma mayar da ma'aikatan aji domin a sake tantance su. Na yaba da wannan mataki, amma ina jin zafin cewa sai da abu ya auku sannan aka ɗauke shi.

Kafin magariba na mayar da shi ƙofar sansanin, domin gobe da sassafe suna da aikin duba motoci. Ya ce mako mai zuwa za a gwada su a kan fita da shiga ta cikin igiyar ruwa, bayan haka kuma sai koyon sauka daga bayan babban jirgi a tsakiyar teku, wanda ba zai yi ba sai an tura shi bataliyarsa.