Ƙaryar da na yi a titin Durward

Tun bayan sallar isha'i nake zaune gaban kwamfuta da niyyar tace hotunan yau, amma har yanzu ban wuce na bakwai ba. Sauran hamsin da ɗoriya suna nan suna jirana, shayin da na haɗa kuma ya huce.

Kun san tun watan Yuni nake cika baki cewa zan zagaya wurare biyar ɗin nan na Whitechapel da kewayenta, a gabashin Landan, inda aka kashe mata biyar a 1888, kisan da har yau ba a gano wanda ya aikata ba. Duniya ta san shi da laƙabin Jack the Ripper, laƙabin da ya fito daga wata wasiƙa da aka aika wa wani kamfanin dillancin labarai a ƙarshen Satumbar shekarar, wadda mutane da yawa suke zargin ɗan jarida ne ya rubuta ta. To, yau Allah ya nufa. Na fita da hantsi raina fes, domin gari ya yi lumshi irin wanda nake so, babu rana babu ruwa, kuma na tuna na saka batir na biyu a jaka, abin da ban saba tunawa ba.

Da titin Durward na fara, wanda yake bayan tashar jirgin ƙasa ta Whitechapel. A wancan zamani sunansa Buck's Row, kuma a nan ne wasu direbobin amalanke biyu da suka yi sammakon zuwa aiki suka ga gawar Mary Ann Nichols wajen ƙarfe 3:40 na asubahin 31 ga Agusta, a bakin ƙofar wani garken dawaki. Ɗayansu ya fara zaton tamfal ne aka yar. Shekarunta 43, ta haifi 'ya'ya biyar, kuma a daren an hana ta kwana a masaukin da ta saba saboda ba ta da kwabo huɗu na gado. Daga cikin abin da ke tsaye a wannan dare, tsohon ginin makarantar nan mai jan bulo ne ya fi fitowa fili a yau, an mayar da shi gidajen zama. Na daidaita kyamara yadda ginin zai cika bayan hoton, gefen titin da aka tsinci gawar kuma ya zo gaba, sannan na tsaya jiran mutane su gama wucewa, domin abin da nake so shi ne titi wayam, wanda idan na mayar da shi baƙi-da-fari zai yi kama da kufai.

Ina cikin jiran ne wata mata ta taho tana tura keken jariri, wata yarinya da ba za ta wuce shekara shida ba tana riƙe da gefen keken, sanye da safar hannu ja. Da matar ta lura da kyamarar sai ta ja ta tsaya don kada ta ɓata mini hoto, na yi mata alama da hannu cewa ta wuce. Da suka zo daidai da ni, yarinyar ta ɗaga kai ta tambaye ni abin da nake ɗauka, tunda ita ba ta ga komai a wurin ba. Na buɗe baki, na dubi safar hannun, na dubi uwar, sai na ji kaina ina cewa ni mai sha'awar tsofaffin gine-gine ne, ginin makarantar can nake ɗauka.

Uwar ta yi murna ƙwarai. Ta ce ai wata biyu ke nan da suka tare a unguwar, kuma abin da ya fi burge ta da titin shi ne rashin hayaniya, ga tasha kusa. Sannan ta roƙe ni, in ba damuwa, in ɗauke su tare da ginin. Yarinyar ta ruga ta zaɓi wuri da kanta, ta tsaya ƙiƙam ta washe baki, uwar ta jawo keken ta tsaya a bayanta, kuma gwargwadon tsohuwar taswirar da ke cikin aljihuna, tsakaninsu da inda aka tsinci gawar bai wuce taku kaɗan ba. Na danna. Matar ta leƙa allon kyamarar, ta ce ya yi kyau, ta ɗauki hoton allon da wayarta, suka yi mini godiya suka tafi.

Ba na jin akwai mai hankalin da zai ba wa 'yar shekara shida labarin yankan wuya a kan titin gidansu, saboda haka ba ƙaryar da na yi wa yarinyar ce take damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin da ƙaryar ta zo bakina, kamar dama can na san cewa abin da ya kawo ni ba abin faɗa ba ne a gaban mai gida. Wataƙila ma matar ta sani sarai, domin kusan kowane dare ana zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a unguwar, ta dai taya ni rufa wa kaina asiri ne. A 1892 aka sauya wa titin suna saboda ƙaurin sunan da ya yi, ga ni kuma bayan shekara fiye da 130 na zo da taswira ina neman maido masa da tsohon.

Sauran wuraren na bi su ne kawai don na riga na fito. Gida mai lamba 29 a titin Hanbury, inda aka kashe Annie Chapman a bayan gida ranar 8 ga Satumba, babu shi, bangon tsohon kamfanin giya ne a wurin. Titin Dorset, inda aka kashe Mary Jane Kelly a cikin ɗakinta ranar 9 ga Nuwamba, shi ma ya ɓace ƙarƙashin wani katafaren ginin ofisoshi. Na yi azahar a babban masallacin da ke kan titin Whitechapel, na gangara titin Henriques, inda aka tsinci Elizabeth Stride 'yar ƙasar Suwidin, na tarar da harabar makarantar firamare, ban ko ciro kyamara ba.

A titin Goulston ne kaɗai na ɗan daɗe. A daren 30 ga Satumba, ƙasa da awa ɗaya bayan an tsinci Stride, aka ga gawar Catherine Eddowes a dandalin Mitre, daga baya kuma wani ɗan sanda ya tsinci yankin ƙyallen da take ɗaurawa a kan gaban rigarta a wata ƙofa ta wannan titi, da wani rubutun alli a bango mai ambaton Yahudawa. Wasu jami'ai sun so a jira gari ya waye a ɗauki hoton rubutun, amma shugaban 'yan sandan Landan, Charles Warren, ya sa aka goge shi saboda tsoron kada ya tayar da tarzoma a kan Yahudawan unguwar. Shekara da shekaru ina ganin wautarsa a matsayina na mai ɗaukar hoto. Yau da na tsaya a ƙofar, wadda yanzu shagon abinci ne, ban ji haushinsa kamar da ba.

Da magariba Yaya ta kira, na kwashe labarin duka na ba ta, ina sa ran za ta ce na kyauta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To kai yanzu da ka tsaya a wurin, matar da aka kashe ɗin, wane irin tunani ka yi a kanta?" Na ce mata ina lissafin haske ne a lokacin. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta koma zancen bikin watan gobe.

Annie Chapman ce kaɗai a cikin su biyar aka samu hotonta tana raye, tare da mijinta. Sauran huɗun, duk hoton da aka san su da shi na gawa ne.

Na gwada mayar da hoto na bakwai baƙi-da-fari kamar sauran, sai safar hannun yarinyar ta koma toka-toka ta saje da bango, na maido da launinsa. Ba zan saka shi a nan ba, domin ban nemi izinin uwar ba, kuma ba ta san dalilin da ya kai ni titinsu ba. Na kai hannu zan goge shi sau biyu ina fasawa.