Daga Kwalejin Al'umma Zuwa Jami'a: Yadda Na Karanta Fiziks a Kalifoniya

Na shigo Amurka ne da takardar zama ta dindindin wadda mahaifina ya nemar mini, ina riƙe da sakamakon jarrabawar WAEC da kuma niyyar karanta fiziks, darasin da ya shiga raina tun ina sakandare a Kano. Da na ga kuɗin da jami'o'i ke karɓa a shekara, sai jikina ya yi sanyi. Wani aminin mahaifina da ya daɗe yana tuƙin babbar mota a Sakaramento, babban birnin jihar Kalifoniya, wanda muke kira Kawu, shi ne ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, ba a nan ake farawa ba. Ka je kwalejin al'umma ka yi shekara biyu, daga can ka tsallaka."

Shawarar ba ta yi mini daɗi ba da farko, domin a gida mun saba ɗaukar duk makarantar da ba jami'a ba a matsayin mafakar wanda ya rasa gurbi. A Kalifoniya kuwa da gangan aka gina wannan hanya. Tun a tsarin ilimi mai zurfi da jihar ta zartar a 1960 aka raba aiki tsakanin kwalejojin al'umma da jami'o'in jiha, aka kuma tanadi cewa ɗalibin kwaleji zai iya wucewa ya ƙarasa digirinsa a jami'a. Yanzu kwalejojin sun kai 116, kuma mazaunin jihar yana biyan dala 46 ne kacal a kan kowane yunit, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin darasi da shi. Sai dai ba a lissafa mutum cikin mazauna sai ya haura shekara guda yana zaune a jihar, don haka shekarata ta farko a ɗakin ajiyar kaya na yi ta, ina ɗaga kwalaye da dare. Abin ya ɗan yi kama da yadda mai difiloma ko NCE ke shiga aji biyu na jami'a a Najeriya, illa dai a nan aji uku ake shiga, kuma takardar digirin da ake bayarwa a ƙarshe iri ɗaya ce da ta wanda ya fara tun daga aji ɗaya.

Abin da ya bambanta ɗalibin fiziks da yawancin masu tsallakawa shi ne darussansa a sarƙe suke, kowanne yana rataye da na gabansa. Ba a barin mutum ya ɗauki fiziks na farko, wato na motsi da ƙarfi, sai ya ci matakin farko na kalkulas, wani reshe na lissafi mai zurfi, sannan darasin lantarki da maganaɗisu yana jiran kalkulas na biyu, daga nan kuma a zo kan zafi da haske da fiziks na zamani. Ga kalkulas na uku, ga aljabrar layi, ga lissafin difaranshal, duk ana son a gama su kafin a bar kwalejin. Wanda aka fara da shi daga ƙaramin lissafi, ko ya faɗi darasi ɗaya a tsakiya, ko ya tarar ajin ya cika a zangon da yake buƙatarsa, to shekara biyun nan ta zama uku. Na ga ɗalibai masu kaifin basira da suka cika jadawalinsu da tarihi da nazarin halayyar ɗan Adam saboda sun fi sauƙin samu, suka tara yunit masu yawa, amma jami'a ta ƙi ɗaukarsu a sashen fiziks domin ba su taɓa darasin lantarki ba. A ganina wannan ne ya fi komai kayar da baƙi, domin babu wanda ya riga su bin hanyar a gidajensu balle ya ja musu kunne.

Akwai shafin intanet na hukuma mai suna ASSIST, inda mutum zai zaɓi kwalejinsa da jami'ar da yake so da fannin da zai karanta, sai ya ga wane darasi ne a nan yake daidai da wane a can. Shi na riƙa bi layi bayan layi. Jami'ar Kalifoniya tana buƙatar aƙalla yunit 60 na samista daga mai son shiga aji uku, kuma shida daga cikin rassanta, wato Debis da Abain da Masid da Ribasaid da Santa Babara da Santa Kurus, suna ba da alkawarin gurbi da ake kira TAG ga wanda ya cika sharuɗɗansu. Bakili da Los Anjalas da San Diyego ba sa bayarwa. Ana neman alkawarin a watan Satumba, ainihin takardar neman shiga kuma ana rufe karɓarta a ƙarshen Nuwamba, kusan shekara guda kafin a fara karatu. Na zaɓi Debis saboda tana kusa da Sakaramento, inda iyalina suke.

Ajin kwaleji ƙarami ne, malami ya san sunan kowa, kuma a can na fara koyon rubuta rahoton gwaji wanda dole mutum ya faɗi iyakar kuskuren da ke cikin awonsa, abin da ba mu saba da shi ba a sakandare. A jami'a saurin karatun ne ya fara girgiza ni. Debis tana bin tsarin zango na mako goma, saboda haka kafin mutum ya gama fahimtar salon malami, jarrabawar tsakiyar zango ta iso. Makanikan kwantam, wato fiziks na ƙananan ƙwayoyin zarra, da lantarki mai zurfi ba darussan da ake haddacewa ba ne, tambaya ɗaya ta aikin gida tana iya cin yini guda, kuma ɗaliban da suka fara tare tun aji ɗaya sun riga sun kafa rukunonin karatunsu. Sai da na cire kunya na riƙa zuwa ofishin malamai a lokutan da suke warewa don ganin ɗalibai, na kuma haɗu da wasu da suka tsallako irina, sannan na samu ƙafa. Garin kansa bai ba ni wahala ba: kowa a keke yake yawo, masallaci kuma yana daf da harabar jami'a, ana iya yin Juma'a a koma aji.

Wahalar da ta fi girma ita ce ƙarancin lokaci. Mai son ci gaba zuwa digirin digirgir a fiziks yana buƙatar shaidar ya taɓa yin bincike, da wasiƙu uku daga malaman da suka san aikinsa, kuma ana tura takardun neman shiga ne wajen Disamba ta shekarar ƙarshe. Wanda ya tsallako daga kwaleji yana da shekara ɗaya da 'yan watanni ne kawai ya sa malaman nan su san shi. Shi ya sa tun a zangon farko na fara rubuta wa malamai ina neman aiki a ɗakunan gwajinsu, na kuma nemi shirin binciken bazara na REU, wanda hukumar kimiyya ta ƙasa ke ɗaukar nauyinsa, ake biyan ɗalibi alawus na kimanin mako goma, kuma mai takardar zama ta dindindin yana da damar nema. Ɗalibin kwalejin al'umma ma yana iya nemansa tun kafin ya tsallaka, kuma shi ne abu na farko da nake gaya wa ƙanena, wanda yanzu yake kan kalkulas na biyu a kwalejin da na baro.